Ɗori ko Shara: Wace Hanya Za Mu Bi Wajen Sauya Babbar Manhajar Kwamfuta?

Laccar da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar ba ni wannan dama. Ba ƙaramin nauyi ba ne mutum ya tsaya yana jawabi a gaban waɗanda suka koya masa riƙe alƙalami, saboda haka in harshe ya karkace, jan biro dai yana hannun malamanmu har gobe.

Kwamiti ya nemi in yi magana a kan abin da ya shafi sana'ata, watau gyara da kula da kwamfutoci, amma ya kasance abin da zai amfani kowa a wannan zaure. Sai na ɗauko tambayar da aka fi yawan yi mini: idan lokacin sauya babbar manhajar kwamfuta ya yi, shin a ɗora sabuwa a kan tsohuwa ne, ko kuwa a share komai a zuba sabuwa? Hanya ta farko zan kira ta ɗori, ta biyu kuma shara, wadda masu gyara suka fi sani da fomatin. Tambayar kamar ta masu sana'a ce kawai, amma abin da ke cikin kwamfutocinmu ya shafi kowa. A ciki akwai takardun fansho, da lissafin kasuwanci, da sakamakon jarrabawar ɗalibai, da littafin da wani malaminmu ya shekara goma yana rubutawa, da hotunan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya. Zaɓen hanya ba tare da sani ba yana iya cinye waɗannan duka a cikin minti biyar.

Mece Ce Babbar Manhaja?

Kwamfuta kashi biyu ce. Akwai abin da hannu ke taɓawa, irin su allo da maɓallai da rumbun ajiya da furosesa. Akwai kuma manhajoji, watau umarnin da ke sarrafa waɗancan. A cikin manhajojin akwai babba guda ɗaya, wadda ita ce ke fara tashi in an kunna na'ura, ita ke raba wa sauran wurin zama da lokacin aiki, ita ke magana da firinta, ita ke tsaron ƙofa. Windows ta kamfanin Microsoft ita ce wadda yawancinmu muke amfani da ita. Akwai kuma macOS ta kamfanin Apple, da dangin Linux.

Domin mu fahimci juna, mu ɗauki babbar manhaja a matsayin shugaban makaranta. Word da Excel da sauransu su ne malaman aji, fayilolinmu kuwa su ne rajistoci da takardun ofis. Ɗori shi ne a sauya shugaba ta hanyar miƙa ragama: sabon ya zo ya tarar da malamai a azuzuwansu, rajistoci a kabad, ya ci gaba daga inda aka tsaya. Amma ya gaji har da basussuka da malalatan ma'aikata. Shara kuwa ita ce a kwashe kowa da komai daga makarantar, sabon shugaba ya zo ya tarar da azuzuwa fayau. Babu bashi, babu malalaci, amma kuma babu rajista ko ɗaya sai wadda aka fitar aka adana tun kafin a fara.

Me Ya Sa Maganar Ta Taso?

Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yuli, 2015, kuma Microsoft ya daina kula da ita ranar 14 ga Oktoba, 2025. A wannan rana ce kuma ya daina kula da Office 2016 da Office 2019. Mutane da yawa sun zaci kwamfutocinsu za su mutu a ranar. Da suka ga sun ci gaba da aiki sai suka ce ashe barazana ce. To, ga abin da daina kulawa ke nufi. Kowace Talata ta biyu a wata kamfanin yakan fitar da faci domin toshe ɓarakar tsaro da aka gano. Manhajar da aka daina kula da ita ba ta samun wannan faci, alhali masu neman ɓaraka ba su daina nema ba. Gida ne da mai gadi ya tashi, ƙofofinsa suna nan, amma duk wadda ta lalace babu mai gyarawa.

Duniya ta ga misalin abin da rashin faci ke jawowa a watan Mayu na 2017, lokacin da wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa. A Ingila sai da asibitocin gwamnati suka soke ganin marasa lafiya da ayyukan tiyata. Abin lura shi ne, Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ba su sa shi ba su ne suka kwana ciki. Saboda haka duk mai kwamfutar da ke shiga intanet, musamman mai hulɗa da banki a kanta, zama a kan manhajar da aka yi watsi da ita hatsari ne. Magajiyar Windows 10 ita ce Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, kuma a kanta zan gina misalaina.

Hanyar Ɗori

A wannan hanya kwamfuta tana kunne, tsohuwar manhaja tana aiki, sai a kira sabuwar daga ciki. Ita za ta duba na'urar, ta tattara tsohuwar Windows ta ajiye a wata jaka mai suna Windows.old, ta shimfiɗa kanta, sa'an nan ta kwaso manhajojinka da fayilolinka da saitinka ta mayar da su mazauninsu. Bayan awa ɗaya ko biyu, gwargwadon ƙarfin na'ura, za ka tarar da hotonka a fuskar allo, takardunka a inda ka bar su, firintarka tana amsawa.

Amfaninta a fili yake. Ba ka buƙatar neman faifan kowace manhaja da lambar lasisinta. Daga Windows 10 mai lasisi zuwa Windows 11 kyauta ne ga na'urar da ta cika sharuɗɗa. Bugu da ƙari akwai ƙofar komawa: cikin kwana 10, in sabuwar ba ta karɓe ka ba, kana iya komawa tsohuwar. Bayan kwana goman nan Windows takan share waccan jaka da kanta, ƙofar ta rufe. Don haka duk wanda ya yi ɗori, ya gwada duk abin da yake aiki da shi a makon farko, kada ya bari sai ƙarshen wata ya gano manhajar biyan albashi ba ta tashi.

Illarta kuma ita ce gado. Windows tana da wani kundi da ake kira rajista, inda kowace manhaja ke rubuta saitinta, kuma da yawa in an cire su ba sa goge abin da suka rubuta. Akwai kuma direbobi, watau ƙananan manhajojin da ke fassara tsakanin Windows da kayan na'ura kamar sifika da kyamara da katin intanet. Tsohon direban da bai jitu da sabuwar manhaja ba yana iya sa kwamfuta ta riƙa daskarewa ko mutuwa da kanta. Haka nan tarkacen manhajojin da ke tashi tare da na'ura suna cinye mata ƙarfi, duk za su biyo ka. In kuwa akwai cuta a ciki, ɗori ba magani ba ne, domin ita ma ana iya kwaso ta a matsayin kayan gida.

Kada kuma a ɗauka ɗori ba ya taɓa fayil. A watan Oktoba na 2018 Microsoft ya fitar da wani sabon zubi na Windows 10, sai wasu mutane suka tarar takardunsu sun ɓace bayan sun ɗora shi. Kamfanin ya janye shi cikin 'yan kwanaki, bai sake sakinsa ba sai ranar 13 ga Nuwamba. In kamfanin da ya ƙera abu zai yi irin wannan tuntuɓe, to babu mai gyaran da zai yi maka rantsuwa cewa ba abin da zai faru.

Hanyar Shara

A nan ana zuba sabuwar manhaja a filashi mai aƙalla gigabait 8, ta amfani da wata manhajar Microsoft mai suna Media Creation Tool. Sai a kashe kwamfuta, a tashe ta daga filashin, a goge ɓangaren rumbun da tsohuwar Windows take, a zuba sabuwa a fili. Yayyenmu da suka fara aiki da kwamfuta a shekarun 1990 za su tuna Windows 95 da ke zuwa a ƙananan faya-fayai 13, ana sa wannan ana cire wancan. Windows 11 kuwa girmanta ya haura gigabait 5, abin da ya kamata mai sayen data ya sa a lissafi.

Amfanin shara shi ne ka san abin da ke cikin na'urarka, tun da kai ka zuba shi. Tarkacen shekaru ya tafi, tsofaffin direbobi sun tafi, kusan kowace irin cuta ta tafi. Kwamfutar da ta yi nauyi saboda tarkace takan dawo da kuzarinta. Lasisin Windows kuma ba ya ɓata, domin a na'urorin zamani yana ɗaure ne da jikin na'urar. Muddin ka zuba irin wadda take da ita, Home a madadin Home, Pro a madadin Pro, da zarar ta shiga intanet za ta gane kanta.

Tsadarta kuwa lokaci ne da haɗarin asara. Zuba manhajar kanta ba ya wuce awa guda, amma mayar da kwamfuta yadda ka saba da ita yana iya cin kwana biyu: a nemo Office da lasisinta, a nemo direban firinta, a sake shigar da kalmomin sirri, a sauko da faci. Windows 11 ta gida kuma tana neman intanet da asusun Microsoft tun wajen saitin farko.

A shagona na sha karɓar mutane da irin kuka ɗaya. Kwamfuta ta yi nauyi, an kai wa wani yaro a kasuwa, ya ce sai an yi fomatin, mai ita ya ce a yi, bai san ma'anar kalmar ba. Akwai wani dattijo, tsohon ma'aikaci, da ya zo mini da tasa bayan mako uku da yin haka, yana neman takardun da yake bin haƙƙinsa na ritaya da su. Kaɗan muka iya cetowa. Dalili shi ne, a tsohon rumbu mai faifai, fomatin na gaggawa yana goge jerin sunayen fayiloli ne kawai, ainihin bayanan suna nan har sai an rubuta wani abu a kansu. Kowace rana da aka ci gaba da aiki da na'urar, ana taka su ne. A sabon rumbu irin SSD kuwa, abin da aka goge da wuya ya dawo. Saboda haka in irin wannan ta faru da wani, ya kashe na'urar nan take, ya nemi wanda ya san aikin.

Akwai kuma abin da shara ba ta gyarawa. Ba ta gyara rumbun da ya fara mutuwa, ba ta ƙara ƙwaƙwalwar aiki, ba ta hana na'urar da ƙura ta toshe wa fanka yin zafi, ba ta cire kalmar sirrin da aka kulle BIOS da ita. Mai gyaran da amsarsa ga kowane ciwo ita ce fomatin, kamar mai maganin da ke ba kowa jiƙo ɗaya ne.

Tsakanin hanyoyin biyu akwai wata 'yar siririya. Tun daga Windows 8 akwai wurin da za ka umarci kwamfuta ta sake zuba Windows da kanta, ta cire manhajojin da aka sa mata amma ta bar maka fayilolinka. Tana da amfani ga na'urar da ta rikice alhali mai ita ba shi da filashi ko mai taimako a kusa. Sai dai irin Windows ɗin da ke ciki take mayarwa, ba ta kai ka ga sabuwa.

Inda Babu Zaɓi

Wani lokaci na'urar ce ke yanke hukunci. Daga Windows mai bit 32 zuwa mai bit 64 babu ɗori, sai shara, kuma Windows 11 mai bit 64 ce kaɗai. Daga Windows 7 kai tsaye zuwa Windows 11 ma babu ɗori, kamar yadda a 2009 masu Windows XP ba su sami hanyar ɗori zuwa Windows 7 ba. Haka nan in za a bar Windows a koma Linux.

Sa'an nan Windows 11 tana da sharuɗɗa: ƙwaƙwalwar aiki gigabait 4, rumbu gigabait 64, tsarin tashi na UEFI, da wani ɗan mai gadin lambobin sirri da ake kira TPM 2.0. Furosesa kuma, in ta Intel ce, galibi sai ƙarni na takwas zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017. In ta AMD ce, daga Ryzen 2000. Ga yadda ake ganewa: i5-6300U ƙarni na shida ce, ba ta ciki, i5-8250U ƙarni na takwas ce, ta shiga. Manhajar PC Health Check tana duba wannan duka ta gaya maka. In ta ce babu TPM kada ka yi saurin fid da rai, domin a na'urori da yawa yana nan, kashe shi aka yi a cikin BIOS. A na Intel ana kiransa PTT, a na AMD kuma fTPM.

Yadda Za A Zaɓa

Shawarata a dunƙule ita ce ka yi wa kanka tambaya biyu. Na san tarihin wannan na'ura? Tana da lafiya a yau? In amsar duka biyun e ce, yi ɗori. In ɗaya daga ciki a'a ce, yi shara.

Alal misali, malaminmu da ya sayi kwamfutarsa sabuwa, shi kaɗai ke amfani da ita, tana aiki lafiya, ɗori ya fi masa. Haka akanta ko mai kantin magani da ke da wata manhaja ta musamman wadda wanda ya sa masa ita ya bar gari. Shara za ta iya raba shi da ita har abada. Shi wannan ma, kafin ya yi ɗorin, ya tabbatar manhajar tasa tana aiki a kan Windows 11.

Amma yawancin kwamfutocin da ke hannunmu na gwanjo ne, sun yi rayuwa a wani ofis a Turai ko Amurka, sun biyo ta hannun 'yan kasuwa biyu ko uku. Ba ka san wa ya zuba Windows ɗin da ke ciki ba, ba ka san daga ina ya samo ta ba. Jabun Windows da jabun Office sukan zo da 'yan manhajojin da ke yaudarar lasisi, kuma ta nan ɓarayin kalmomin sirri ke yawan shigowa. Irin wannan na'ura, ranar da ka saye ta ita ce ranar da ta fi dacewa da shara, domin ba ka riga ka zuba komai naka ba. Haka kwamfutar da cuta ta taɓa kamawa, da wadda za ka sayar ko ka bayar kyauta. A wannan ta ƙarshe a zaɓi gogewa mai zurfi, musamman ga masu riƙe da bayanan jama'a kamar likitoci da lauyoyi da shugabannin makarantu, domin tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane.

Ɗakin kwamfuta na makaranta kuwa, shara ce ta dace da shi. Hannaye da yawa ke taɓa na'urorin, filashi iri-iri na shiga, kuma babu fayil ɗin kowa da ya kamata ya zauna a ciki. Ana shirya guda ɗaya tsaf, a ɗauki hotonta da manhaja irin Clonezilla, a zuba wa sauran masu irin ƙirarta, a maimaita a farkon kowace shekarar karatu. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, don haka lafiyar wannan ɗaki ta shafi makomar ƙannenmu kai tsaye.

Akwai dabarar da nake yawan ba mutane. In na'urarka tana da tsohon rumbu mai faifai, sayi SSD, a cire tsohon a ajiye, a zuba sabuwar Windows a sabon. Ka sami tsabtar shara, ka sami saurin da zai ba ka mamaki, kuma tsohon rumbunka yana nan da komai nasa, ana iya sa shi a ɗan akwati a jona ta USB a kwashi abin da ake so.

Kafin A Taɓa Komai

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ko wace hanya ka zaɓa, ga abubuwan da za a yi tukuna.

Na farko, kwafin ko-ta-kwana. Ƙa'idar da masu sana'armu ke bi ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban, ko a intanet ko a gidan ɗan'uwa. Kwafin da ke cikin rumbu ɗaya da na asali ba kwafi ba ne, domin tare za su tafi. Bayan ka kwafa, jona ma'ajin a wata kwamfuta ka buɗe fayil biyar ko goma ka gani da idonka.

Na biyu, rubuta jerin manhajojinka da lambobin lasisinsu, da kalmomin sirrin da ka bar wa burauza tana tuna maka. Da yawanmu ba mu san kalmar sirrin imel ɗinmu ba, na'ura ce ta sani. Ka tabbatar kuma lambar wayar da ka yi rajistar asusun da ita tana hannunka.

Na uku, mabuɗin BitLocker. Kwamfutoci da yawa suna kulle rumbunsu ta yadda ko an cire shi ba mai iya karantawa, kuma tun daga zubin Windows 11 na 2024 wannan kulli yakan kunna kansa bayan shara in an shiga da asusun Microsoft. Mabuɗin lambobi 48 ne, yana ajiye a cikin asusun. Sauya wani saiti a BIOS kaɗai yana iya sa na'ura ta nemi shi. Saboda haka kada ka bari mai gyara ya buɗe maka kwamfuta da asusunsa. Yi da naka, ka kwafe lambobin a takarda ka adana tare da takardun gida.

Na huɗu ya shafi malamanmu na Hausa da marubuta. Kafin haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, su samu gurbi a kowace kwamfuta, an yi amfani da fon na musamman, irin waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro a shekarun 1990. Takardar da aka buga da irin wannan fon tana buƙatarsa kafin ta karantu daidai. Shara tana tafiya da shi, sai ka buɗe rubutunka ka ga wasu alamomi a gurbin haruffan. Don haka a kwafe jakar fon tare da takardu. Sabon rubutu kuwa a yi shi da allon rubutun Hausa da ke cikin Windows, wanda haruffansa ke fita a kowace na'ura.

Na biyar, wuta. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin nan tana iya barin kwamfuta ba tsohuwa ba sabuwa. Mai laftof ya cika batir ya bar caja a jone. Mai ta tebur kada ya fara sai da UPS ko inbata ko janareta mai isasshen mai.

Na'urar Da Ba Ta Cika Sharuɗɗa Ba

Na san da yawa a zauren nan kwamfutocinsu ba za su haye ba, kuma sabuwa ba ta sayuwa da sauƙi. Za a ce muku akwai dabarar tsallake sharuɗɗan. Gaskiya ne akwai, amma Microsoft ya faɗa a fili cewa na'urar da aka yi wa haka ba ta cikin kulawarsa, kuma ba ya lamunce mata samun faci. Ban ba da shawarar a yi wa kwamfutar ofis ko ta kasuwanci haka ba.

Kamfanin ya buɗe wani shiri na ƙarin wa'adin facin tsaro ga Windows 10. Ga ɗaiɗaikun mutane ya sanar da shekara ɗaya, zuwa 13 ga Oktoba, 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa saitin na'urarsa da asusun Microsoft. Ga kamfanoni dala 61 a kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara har shekara uku. Ga makarantu kuwa dala 1, sa'an nan 2, sa'an nan 4. Wannan jinkiri ne domin a shirya, wa'adinsa kuma ƙayyadadde ne.

Hanya mai ɗorewa ga tsohuwar na'ura mai lafiya ita ce Linux, wadda kyauta ce. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya assasa a 2004, tana fitar da zubi mai dogon wa'adi duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, ana kula da kowanne shekara biyar. Linux Mint, wadda aka gina a kanta, fuskarta ta yi kama da ta Windows. Da su ana shiga intanet, ana rubutu da lissafi da LibreOffice, wadda ke buɗe takardun Word da Excel. Ana ma iya gwada su daga filashi ba tare da an taɓa rumbu ba. Wanda aikinsa ya dogara da wata manhajar da sai a Windows take tashi, shi ne zai fara bincike kafin ya ƙaura.

Kammalawa

Ranka ya daɗe shugaban taro, abin da nake so mu tafi da shi gida bai da yawa. Ɗori yana riƙe maka komai, mai kyau da marar kyau. Shara tana raba ka da komai, mai kyau da marar kyau. Na'urar da ka san tarihinta kuma take lafiya, yi mata ɗori. Wadda ba ka san tarihinta ba ko take ciwo, yi mata shara. Kowace ka zaɓa, kada a fara sai ka ga kwafin fayilolinka da idonka a wani wuri. In mai gyara ya ce zai yi fomatin, tambaye shi: me zai tafi, me zai rage, ina ka ajiye kayana?

Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiya abu biyu. A kafa ƙaramin kwamiti daga cikin 'yan'uwanmu masu wannan sana'a, su zo su duba kwamfutocin makaranta ɗaya bayan ɗaya, su rubuta wadda za ta ɗauki Windows 11, da wadda za a mayar Linux, da wadda ta gama aiki, kuma su fara da kwafe bayanan ɗalibai da ke ofis. Sa'an nan a ware rana guda da iyayenmu malamai za su kawo nasu a duba musu kyauta, a yi musu kwafin ajiya. Ni na sa sunana a farkon jerin masu wannan aiki.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.